Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: Mena da lissafin rukuni

Ran Asabar, 8 ga watan Oktoba na shekara ta 2011, anka buga wasanni biyu na ƙwallon ƙafa a lokaci guda, ɗaya a birnin Alƙahira na ƙasar Masar, ɗaya a garin Nelspruit na Afirka ta Kudu. A Alƙahira, ƙungiyar ƙasar Nijar, watau Mena, ta sha kashi da ci 3 da nema. A Nelspruit kuwa, Afirka ta Kudu da Saliyo sunka tashi babu wanda ya ci wani. Da alƙalin wasa ya busa tashi, sai ƴan wasan Afirka ta Kudu sunka kama rawa, sunka kewaya fili suna gaida jama'a, domin a ganinsu sun samu shiga gasar cin kofin Afirka ta 2012. Ba a jima ba labari ya sake. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wadda ake kira CAF, ta tabbatar cewa wadda anka kayar a Alƙahira ita ce ta wuce, masu rawa kuwa su zauna gida.

Duk sa'ad da anka jefa ƙuri'a anka raba ƙasashe rukuni-rukuni, gardama takan tashi a ofis da tasha da fada wajen shan shayi, daga Yamai har Damagaram: wa zai wuce, wa zai saura? Galibin masu gardamar sunan ƙasa suke dubawa, da yawan kofunan da ta ci, da ƴan wasanta da ke aiki a Turai. Abin da ya faru ga Mena a 2011, da wanda ya same ta a 2025, sun nuna cewa akwai abubuwa biyu da sunka fi suna nauyi bisa sikeli: filin da ƙasa take karɓar baƙinta, da dokar da ake raba gardama da ita in maki ya zo daidai.

Yadda ake lissafin rukuni

A rukuni mai ƙasa huɗu, kowace ƙasa tana karawa da kowace sau biyu, sau ɗaya a gidanta, sau ɗaya a gidan abokiyar karawa. Ke nan kowa yana da wasa 6, uku a gida, uku a waje. Wanda ya yi rinjaye a wasa yana samun maki 3, kunnen doki maki 1 ga kowane ɓangare, wanda anka kayar kuwa ba shi da komi. Dattawan da sunka bi tamola tun shekarun 1970 da 1980 sun san lokacin da rinjaye yake maki 2. Daga gasar kofin duniya ta 1994 ne hukumar duniya, watau FIFA, ta mai da shi 3, domin a rage wa ƙungiyoyi kwaɗayin tashi canjaras.

In ƙasashe biyu ko uku sunka ƙare da maki ɗaya, akwai hanya biyu ta raba su. Hanya ta farko ita ce rarar ƙwallaye: a tara ƙwallayen da ƙasa ta ci cikin wasanninta duka, a ɗebe waɗanda anka ci ta, a ga abin da ya rage. Hanya ta biyu ita ce karawar juna: a aje sauran wasanni gefe, a dubi waɗanda ƙasashen da sunka yi daidai sunka buga tsakaninsu kaɗai, a ga wa ya fi tara maki a ciki. FIFA da rarar ƙwallaye take farawa a wasannin neman shiga kofin duniya. CAF kuwa, a wasannin neman shiga kofin Afirka na 2012, karawar juna ta sa a gaba, kuma haka yake rubuce cikin littafin dokokin gasar tun ba a buga ko wasa ɗaya ba.

Ƙasa 16 ce za ta je gasar ta 2012. Gabon da Gine Ikwatoriya, masu masaukin baƙi, ba su buƙatar share fage. Saura wuri 14 anka raba tsakanin rukuni 11: na ɗaya a kowane rukuni ya wuce, sai wuri uku kacal ga waɗanda sunka zo na biyu. Wanda yake son kwanciyar rai, tilas ya zo na ɗaya.

Ƙasashe huɗu na rukunin G

Ƙuri'a ta haɗa Nijar da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar a lokacin ita ce sarauniyar tamola a Afirka. Ta ci kofi sau 7, uku daga ciki a jere, a 2006 da 2008 da 2010, ƙarƙashin mai horo Hasan Shehata, abin da babu ƙasar da ta taɓa yi. A 2010 ta kai matsayi na 9 cikin jerin ƙasashen duniya na FIFA. Afirka ta Kudu ta ci kofin a 1996, kuma ita ce ta sauki gasar kofin duniya a watannin Yuni da Yuli na 2010, inda har ta kayar da Faransa da ci 2 da 1. Tana da kuɗi, tana da sababbin filaye, ƙungiyoyinta na gida suna biyan albashi mai tsoka. Saliyo, ko da yake yaƙin basasa na 1991 zuwa 2002 ya mai da ita baya, ta taɓa zuwa gasar sau biyu, a 1994 da 1996.

Nijar ce kaɗai cikin huɗun ba ta taɓa leƙa gasar ba, kuma ba ta cikin ƙasashe ɗari na farko a jerin FIFA. Abin da tsofaffi suke tunawa shi ne 1981, shekarar da Mena ta kai zagaye na uku a neman shiga kofin duniya bayan ta fid da Somaliya da Togo. Can ta gamu da Aljeriya, anka ci ta 4 da nema a waje, ita kuma ta rama da ci 1 da nema a Yamai. Masu lissafi na waje sun raba rukunin G tun ranar ƙuri'a: Masar ta ɗaya, Afirka ta Kudu ta biyu, sauran biyu su cika lissafi.

Amma akwai abin da ke gudana cikin gida wanda na nesa ba su lura da shi ba. A 2009 Jibirila Hima Hamidu ya hau shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, FENIFOOT, kuma anka danƙa ƙungiyar ƙasa ga ɗan ƙasa, Haruna Dula. A 2010 ƙungiyar sojoji ta AS FAN ta kai matakin rukuni a gasar kofin ƙalubale ta CAF. Cikin shekarar nan Mena ta ci gasar ƙasashen UEMOA a Yamai. A farkon 2011, a Sudan, a gasar ƴan wasan da ke bugawa a ƙungiyoyin gida, Nijar ta kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe, ba ta fita ba sai da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Watau akwai gungun samari da sunka daɗe suna wasa tare, sun san ƙafar juna, irin su madugu Idirisa Lawali. Bisa wannan gindi anka ɗora ƴan ƙalilan da ke waje, kamar mai tsaron gida Kasali Dauda na ƙungiyar Coton Sport ta Garwa a Kamaru, da ɗan gaba Musa Ma'azu da ke Bordeaux ta Faransa a lokacin.

Maki tara, duka a Yamai

Wasan farko bai ba kowa mamaki ba. Ran 4 ga Satumba 2010, a Nelspruit, Afirka ta Kudu ta ci Mena 2 da nema. Mamakin daga Alƙahira ya zo, inda Saliyo ta riƙe Masar sunka tashi 1 da 1.

Ran Lahadi, 10 ga Oktoba 2010, Masar ta sauka a filin Janar Seyni Kunce na Yamai, mai cin mutum kamar 35,000. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Musa Ma'azu ya jefa ƙwallo a ragar zakarun Afirka, kuma haka anka tashi, 1 da nema. A wannan rana Saliyo da Afirka ta Kudu sunka yi kunnen doki a Firitawun, babu ci. A ƙarshen watan Maris 2011 Mena ta sake karɓar baƙi a Yamai, ta ci Saliyo 3 da 1, Afirka ta Kudu kuma ta kayar da Masar 1 da nema a daƙiƙun ƙarshe.

Masar a wannan lokaci tana cikin wani hali. Juyin juya halin watannin Janairu da Fabrairu na 2011 ya sa an dakatar da gasar ƙungiyoyin gida na watanni, alhali kuwa galibin ƴan wasanta a gida suke. Manyan cikinsu kuma shekaru sun fara kama su. A watan Yuni ta yi kunnen doki da Afirka ta Kudu a Alƙahira, babu ci, Hasan Shehata ya aje aiki. A wannan zagaye Mena ta tafi Firitawun anka ci ta 1 da nema.

A farkon Satumba Saliyo ta kayar da Masar 2 da 1, zancen mai riƙe da kofi ya ƙare. Ran Lahadi 4 ga wata Afirka ta Kudu ta zo Yamai da tarihin da take alfahari da shi: wasa huɗu ba a jefa ko ƙwallo ɗaya a ragarta ba. Kofi Ɗan Kowa da Musa Ma'azu sunka ci ta biyu, ta rama ɗaya, anka tashi 2 da 1.

In an dubi wasannin Mena shida, sun rabu gida biyu tamkar an tsaga ƙwarya. A Yamai: wasa 3, rinjaye 3, ta ci ƙwallo 6, an ci ta 2. A waje: wasa 3, kaye 3, ba ta ci ko ɗaya ba, an ci ta 6. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Baƙo yana isowa da gajiyar tafiya, ya tarar da zafin rana da busasshiyar iskar da bai saba da su ba, da filin da bai san halinsa ba, da dubban mutane da ganguna da ba su tare da shi. Ɗan gida kuwa ya ci tuwon da ya saba, ya kwana inda ya sani, iyayensa da abokansa suna kallonsa. Ƙasa ƙarama da ba ta iya cin manya a gidajensu tana iya tara rabin makin rukuni, 9 daga cikin 18, muddin ta hana kowa fita gidanta da komi.

Ranar ƙarshe

Kafin wasannin 8 ga Oktoba, ga yadda lissafi yake: Nijar maki 9, Afirka ta Kudu 8, Saliyo 8, Masar 2. Duk mai fensir da takarda yana iya fid da abin da zai biyo baya. In Mena ta yi rinjaye a Alƙahira ta kai 12, babu mai kamo ta. In ta yi kunnen doki ko ta faɗi, to wanda ya yi rinjaye a Nelspruit zai kai 11 ya wuce. Hanya ɗaya ce ta rage wa Mena in ba ta ci wasanta ba: a tashi canjaras tsakanin Afirka ta Kudu da Saliyo.

Masar, da yake ba ta da sauran abin nema, matasanta masu shirin wasannin Olimpik ta zuba, ƙarƙashin mai horo Hani Ramzi. Matasan sunka yi wasa kamar masu neman suna, sunka ci Mena 3 da nema. Cikin waɗanda sunka ci har da wani yaro ɗan shekara 19 mai suna Muhammad Salah, wanda duniya ta sani daga baya. Wannan ita ce ƙwallonsa ta farko a babbar ƙungiyar ƙasarsa.

Labarin cin ya isa Nelspruit ana cikin wasa. Magabatan Afirka ta Kudu sunka yi lissafinsu: in an tashi haka, ƙasa uku za su yi maki 9, su kuwa suna da rarar ƙwallo 2, Saliyo ba ta da rara, Nijar tana da giɓin 2. Sai sunka daina matsa wa Saliyo. Mai horo Pitso Mosimane ya bar ɗan gaba zaune bisa benci ya sa ɗan tsakiya, mai tsaron gida ya riƙa jan lokaci, kowa yana jiran busa. Bayan tashi anka yi rawa, gidan talabijin na ƙasar ya shelanta cewa an wuce, shugaban hukumar ƙwallon ƙasar ya fito yana yi wa ƴan wasa barka.

Lissafin nasu daidai ne, sai dai bisa dokar da ba ta aiki a wannan gasa. Da anka aje wasannin Masar gefe anka dubi karawar ƙasashen uku tsakaninsu, ga abin da ya fito. Nijar ta ci Saliyo sau ɗaya, ta ci Afirka ta Kudu sau ɗaya: maki 6. Afirka ta Kudu ta ci Nijar sau ɗaya, ta yi kunnen doki biyu da Saliyo: maki 5. Saliyo ita ma haka: maki 5. Ƙwallo ukun da anka ci Mena a Alƙahira ba su shiga wannan lissafi ko kaɗan. Abin da ya fi ban tausayi shi ne, ko yaya wasan Alƙahira ya ƙare, babu halin da canjaras zai amfani Afirka ta Kudu. Sakamakon da ta ɓata lokaci tana tsaro shi ne kaɗai wanda zai ceci Nijar. Wuraren da anka keɓe wa na biyu kuma sunka tafi ga wasu ƙasashe, cikinsu har da Libiya da Sudan.

Mosimane ya amsa daga baya cewa bai fahimci dokar ba, kuma da ya san ana buƙatar ci da bai bar ɗan gabansa zaune ba. Hukumarsu ta shigar da ƙara wajen CAF, sa'an nan ta janye, ta nemi gafarar jama'arta. Wasu sun ce Mena sa'a ta yi, kuma gaskiya ne akwai sa'a a ciki, tun da ba ita ta hana a ci ƙwallo a Nelspruit ba. Amma maki 6 ɗin da doka ta duba da ƙafarta ta samo su a Yamai, bisa abokan takararta biyu. A wannan rana Nijeriya ma ta rasa wuri bayan ta tashi 2 da 2 da Gine a Abuja, haka Kamaru da Aljeriya ba su je ba. A ƙarshen shekara CAF ta zaɓi Haruna Dula gwarzon mai horo na Afirka na 2011.

Shiga daban, tsayawa daban

Gasar kanta ta nuna iyakar abin da filin gida yake iya bayarwa. A Gabon, a watan Janairu 2012, Mena ta faɗi wasanninta uku: 2 da nema ga Gabon, 2 da 1 ga Tunisiya, 1 da nema ga Maroko. Wiliyam Ngunu ne ya ci ƙwallon Nijar ta farko a tarihin gasar, a ragar Tunisiya. Gasar 2013 ba a yi mata rukuni ba wajen share fage, zuwa da dawowa anka yi. Gine ta ci Mena 1 da nema a Konakiri, Mena ta rama 2 da nema a Yamai a watan Oktoba 2012, ƙarƙashin Bajamushe Gernot Rohr, ta sake wucewa. Nan ma filin Seyni Kunce ne ya yi aiki. A gasar, wadda anka yi a Afirka ta Kudu, ta samu makinta na farko da ta riƙe Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango babu ci, ta faɗi ga Mali da Gana.

Sa'ad da lissafi ya juya

Bayan shekara 12 da ƙwallon Ma'azu a ragar Afirka ta Kudu, Mena ta shiga neman kofin duniya na 2026 a rukunin E, tare da Maroko, Zambiya, Tanzaniya, Kwango Barazabil da Eritiriya. Tsarin shi ne rukuni 9 mai ƙasa shida-shida, na ɗaya ya wuce kai tsaye, huɗu mafi maki cikin waɗanda sunka zo na biyu su sake karawa domin wata dama ta ƙarshe. Maroko, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na 2022, ta ci wasanninta 8 duka, maki 24. Takarar gaskiya ta sauran ƙasashe matsayi na biyu ce.

Wannan karon Mena ta yi abin da ya gagare ta a 2011, watau rinjaye a gidan wani. Ƙarƙashin mai horo Badu Zaki, tsohon mai tsaron gidan Maroko, ta ci Tanzaniya 1 da nema a Zanzibar a watan Satumba 2025, ta ci Zambiya 1 da nema a Ndola a watan Oktoba. Wasanta na waje da Kwango, na watan Yuni 2024, ba a buga shi ba, domin Kwango ba ta zo filin da anka tsayar a Kinshasa ba, sai FIFA ta ba Nijar ci 3 da nema. Ke nan maki 9 daga waje. Ta ƙare ta biyu da maki 15, gaba da Tanzaniya da Zambiya.

Sai dai daga 2023 zuwa 2025, cikin wannan rukuni, ko wasa ɗaya Mena ba ta buga a Yamai ba, sabili da filin Seyni Kunce bai samu amincewar CAF ba a lokacin. Wasannin da ake kira na gida a ƙasashen wasu anka yi su. A Marakesh, a watan Nuwamba 2023, Tanzaniya ta ci ta 1 da nema kafin ita ta ci Zambiya 2 da 1. A watan Maris 2025 ta karɓi baƙuncin Maroko a garin Ujda, watau cikin ƙasar Maroko, gaban jama'ar Maroko. Mena ce ta fara ci, Maroko ta rama, sa'an nan ta ƙara ta biyu bayan cikar minti 90.

Da anka zo jera waɗanda sunka zo na biyu, doka ta sake shigowa. Eritiriya ta janye tun ba a fara ba, rukunin E ya koma ƙasa biyar, don haka a sauran rukunai anka ɗebe makin da kowa ya samu bisa ƙasar da ta zo ta shida. Gabon ta tsaya da maki 19, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da 16. Ƙasa huɗu sunka yi 15: Kamaru, Nijeriya, Burkina Faso da Nijar, wuri kuwa biyu ya rage. Tun da ba rukuninsu ɗaya ba, babu zancen karawar juna, rarar ƙwallaye anka duba. Kamaru tana da 9, Nijeriya 7, Burkina Faso 6, Nijar 1, domin ta ci 11 an ci ta 10, biyar daga ciki rana ɗaya a Rabat. Kamaru da Nijeriya sunka wuce. Da Mena ta samu kunnen doki ɗaya tak, ko a Marakesh da Tanzaniya ko a Ujda da Maroko, da ta yi maki 16 ta shiga cikin huɗun.

Haka abin ya kasance a neman shiga kofin Afirka na 2025. A watan Nuwamba 2024 Mena ta ci Sudan 4 da nema a Lome, ta bi Gana har Akara ta ci ta 2 da 1, amma ta ƙare ta uku da maki 7, Sudan ta wuce da 8. Nan ma tazarar maki ɗaya ce, nan ma wasannin gida a waje anka yi su.

Abin da mai lissafi zai duba

In an sake jefa ƙuri'a, mai son ya san ƙarfin ƙasarsa a rukuni yana da tambayoyi uku da zai fara yi kafin ya ji tsoron sunan kowa. Ta farko: a wane fili za a buga wasannin gida? Ta biyu: ƙasa nawa ke wucewa, kuma wace doka ke raba masu maki ɗaya? In karawar juna ce, wasan da ya fi muhimmanci shi ne na abokin takara na kusa, kaye mai yawa a hannun babba ba ya kashewa. In rarar ƙwallaye ce, kowace ƙwallo tana da daraja, har ta minti na ƙarshe a wasan da an riga an faɗi. Ta uku: ƴan wasan sun daɗe tare, ko kwana uku kafin wasa ake tara su?

Biyu daga cikin tambayoyin nan amsarsu ba a ƙafar ɗan wasa take ba. Gyaran fili, da ciyawa, da fitilu, da ɗakunan canza tufafi, da tsaron ƙofofi, har su kai ƙa'idar da CAF take nema, aikin magabata ne da masu tsara kasafin kuɗi. Karanta littafin dokokin gasa aya bayan aya, da bayyana wa mai horo da ƴan wasa abin da yake ciki kafin a shiga fili, aikin ma'aikatan ofis ne. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A 2011 maki 9 na Yamai sun kai Nijar inda ba ta taɓa zuwa ba, tare da giɓin ƙwallo 2. A 2025 maki 15 ba su isa ba, kuma maki ɗayan da ya rage an bar shi a filayen Marakesh da Ujda, nesa da gangunan Yamai.